Tarihin Mamman Shata: Ɗan tallan goron da bai gaji waƙa ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo da Jega a motar haya, da wuya a ce bai taɓa jin muryar marigayi Alhaji Mamman Shata tana tashi daga rediyon direba ko wayar wani fasinja ba. Idan aka yi dace waƙar Umaru Ɗanɗanduna ce, mutumin Gwandu, sai ka ga dattawan cikin motar sun gyara zama.

Wannan waƙa tana cikin waɗanda suka fi shahara a duk abin da Shata ya rera. Ta sa Hausawa da yawa da ba su taɓa taka ƙasar Gwandu ba, daga Maraɗi har zangon Kumasi, sun riƙe sunan mutumin da na garinsu.

Sai dai wanda ya yi waƙar ba mutumin Gwandu ba ne, kuma ba ɗan gidan makaɗa ba ne. Bakatsine ne daga Musawa, wanda ya fara neman na kansa da tallan goro, ya kuma yi ƙuruciyarsa yana fama da mahaifin da yake kallon waƙa a matsayin abin kunya ga zuri'a.

Fiye da shekara 25 ke nan da rasuwarsa. Matasa da yawa sun san muryarsa, amma ba su san irin gwagwarmayar da ya sha kafin a yarda a saurare shi ba.

Asalinsa da haihuwarsa

Masu binciken tarihinsa sun ajiye haihuwar Muhammadu Shata a shekarar 1923, a garin Musawa. A lokacin garin yana ƙarƙashin En'e ta Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Yanzu Musawa ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina.

Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro. An danganta kakanninsa na wajen uba da Sanyinna, a ƙasar Tambuwal ta Jihar Sakkwato, wadda take maƙwabtaka da ƙasar Gwandu. Mahaifiyarsa, Lariya, Bafulatana ce daga Tofa a ƙasar Kano.

Kamar sauran yaran zamaninsa, an sa shi makarantar allo, yana kuma taya aikin gona. Bai yi karatun boko ba.

Babu makaɗi a gidansu, babu maroƙi. Burin mahaifinsa bai wuce ɗansa ya tashi manomi ko ɗan kasuwa ba, ya ci guminsa, ya riƙe mutuncin gida.

Abin da ya sa mahaifinsa ya ƙi

Wanda ya tashi a zamanin da mawaƙa suke hawa manyan motoci zai yi mamakin wannan ƙiyayya. Amma a ƙasar Hausa ta wancan lokaci, sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ƙira yake yi, ɗan wanzami aski, ɗan mahauci fawa. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba, ɗan haye ake ce masa, kuma ba yabo ba ne.

Kiɗa da waƙa kuwa ana lissafa su ne cikin roƙo. Masanin zamantakewar nan, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya wallafa nazari a 1957 inda ya nuna cewa maroƙa suna cikin rukunin da al'umma ta ajiye a ƙasa, kusa da mahauta. Ana jin daɗin waƙarsu, ana ba su kyauta, amma gidaje da yawa ba sa son haɗa aure da su.

Ga mutum irin Ibrahim Yaro, mai alfahari da asalin Fulani, ɗansa ya tsaya gaban jama'a yana yabon wani don a ba shi kuɗi zubar da girma ne. Wannan ya sa ya tsaya kai da fata wajen hana shi.

Ke nan wahalar da Shata ya fara fuskanta ba ta rashin abinci ba ce. Ta fi haka nauyi a wurin yaron Bahaushe: zaɓi ne tsakanin abin da zuciyarsa take so da yardar mahaifinsa, a garin da kowa ya san kowa.

Tallan goro da asalin sunan

Don a ɗauke hankalinsa, kuma ya koyi neman kuɗi ta hanyar da ake ganin ta fi daraja, sai ya shiga tallan goro.

Goro a lokacin babbar haja ce. Daga kudu ake kawo shi cikin huhu, a lulluɓe da ganye don kada ya bushe, a riƙa sayarwa ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100. Ƙananan 'yan talla su ne suke karɓa daga hannun manya, su zaga kasuwa da unguwanni suna sayar da ɗai-ɗai. Ribar kaɗan ce, kuma duk goron da ya lalace asarar ɗan talla ce.

Shata bai zama ɗan kasuwar da aka so ba. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne, idan ya sayar, sai ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya haɗu da su a kasuwa ko a hanya, ya dawo gida hannu rabbana. Idan aka tambaye shi ina kuɗi, sai ya amsa cewa ya yi shata da su, wato ya watsar da su kyauta.

Daga nan ne wani dattijo ɗan'uwansu, Baba Salamu, ya riƙa kiransa Mai Shata. Sunan da aka laƙaba masa cikin zolaya da faɗa shi ne ya bi shi har kabari.

Wannan hali na sakin hannu bai bar shi ba ko da ya yi arziki. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da yawan kyauta, abin da ya shigo ta nan ya fita ta can.

Alewa da dandali

Bayan goro ya koma tallan alewa. Da dare kuma, bayan an ci tuwo, yakan sulale zuwa dandali inda samari da 'yan mata suke wasa. A nan ya fara waƙa, irin ta asauwara da matasan ƙasar Katsina suke yi, ba don kuɗi ba, sai don nishaɗi da gasa tsakanin tsara.

Ba a daɗe ba ya zarce sauran. Murya gare shi mai ƙarfi, ga saurin sarrafa magana, ga rashin tsoro.

Idan aka duba da kyau, talla ita ce makarantar da ya yi a madadin gidan makaɗa. Mai talla dole ya tsayar da wanda bai yi niyyar tsayawa ba. Dole ya karanci fuskar mutum, ya san wanda za a yi wa raha da wanda za a girmama, ya kuma mayar da amsa nan take idan an tsokane shi. Duk waɗannan sun bayyana a waƙoƙinsa daga baya.

Ɗan gado yana da uban da zai zaunar da shi ya koya masa amshi shekara da shekaru kafin a bar shi ya ja waƙa. Shata bai samu wannan gata ba. Kasuwa da dandali su ne suka gyara shi, su ne kuma suka fara yi masa alƙalanci.

Duk da faɗan gida, bai daina ba. Daga ƙarshe ya ajiye faifan talla gaba ɗaya, ya rungumi waƙa a matsayin sana'a.

Barin gida zuwa Bakori

Matakin da ya biyo baya shi ne yawon ƙauyuka. Ƙaramin mawaƙi a wancan zamani yana bin ranakun kasuwa ne da gidajen biki da suna, sau da yawa a ƙafa, ya kwana inda dare ya yi masa, ya ci abin da aka ba shi. Babu lasifika, babu rediyo a ƙauye, babu kaset. Sunan mutum yana tafiya ne daidai inda ƙafarsa ta kai da inda bakin mutane ya kai shi.

Mafita ta zo masa ta hannun Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa wanda yake aikin En'e a Bakori, yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Shi ya gayyace shi ya koma can da zama.

Wannan ƙaura ta yi masa amfani biyu. Ta raba shi da idon 'yan'uwa masu ganin ya ɓata sunan gida, ta kuma kai shi yankin da kuɗi suke yawo. Ƙasar Bakori da Funtuwa ƙasar auduga ce. Da kaka, manoma da dillalai da malaman awo suna da abin kashewa, kuma lokacin ne ake bukukuwa.

A Bakori ya yi aurensa na fari. Allah Ya ba su 'ya mace, amma ta rasu tana jaririya. Da wannan rashi a zuciyarsa ya ci gaba da fita wasa.

Daga Bakori ya riƙa faɗaɗa tafiye-tafiyensa tare da makaɗansa, zuwa Katsina, sannan Kano, wadda ya fara shiga a ƙarshen shekarun 1940.

Kalangu: gangar da ba ta fada ba

Don a gane girman abin da Shata ya yi, sai an san yadda aka raba makaɗan Hausa.

Akwai makaɗan fada, masu kotso da taushi da makamantansu. Kowannensu yana da ubangida guda, sarki ko hakimi, wanda yake ba shi gida da doki da sutura da hatsi. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne. Aliyu Ɗandawo ya yi zama a Argungu da Yawuri. Musa Ɗanƙwairo ya gaji mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, a fadar Maradun.

Akwai kuma makaɗan sana'a da na maza, masu yi wa manoma da maƙera da 'yan dambe da 'yan tauri.

Kalangu, wanda Shata ya ɗauka, asalinsa kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali da na fagen dambe. Ganga ce mai siririn ciki, an rufe bakinta biyu da fata, an haɗa su da tsirkiya. Makaɗi yana saƙale ta a hammata. Idan ya matse, sauti ya hau, idan ya sassauta, ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu yana iya kwaikwayon magana har mai sauraro ya gane abin da ake nufi.

Ƙofar fada a rufe take ga ɗan haye mai kalangu. Wannan a farko rashi ne, domin babu wanda ya ɗauki nauyin cinsa da shansa. Amma daga baya shi ne ya zama 'yancinsa. Makaɗin fada ba ya yi wa kowa waƙa sai ubangidansa da waɗanda ubangidan ya yarda. Shata kuwa babu wanda ya ɗaure shi. Yau yana gaban sarki, gobe yana tashar mota.

Yadda yake gina waƙa

Salonsa ma ya bambanta da na fada. Makaɗan fada sukan zauna a gida su tsara waƙa, su maimaita ta da 'yan amshi har kowa ya haddace, sannan a kai ta gaban sarki.

Shata ya yi suna ne da ƙirƙira nan take. Yakan ba 'yan amshinsa gajeren gindin waƙa, su riƙa maimaita shi, masu kalangu da kuntuku su riƙe kiɗa, shi kuma ya yi ta ɗora ɗiyan waƙa gwargwadon abin da ya gani a wurin da wanda ya shigo da abin da aka ba shi.

Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuska daban-daban. Wadda aka ɗauka a gidan rediyo ba lallai ta zo daidai da wadda aka ɗauka a gidan biki ba. Bakandamiyarsa, wadda yake wasa kansa a cikinta, ita ce babban misali: ya yi ta sau da yawa cikin shekaru, kowane yi da abin da ya ƙara.

Bikin 'yan sarki na 1952

Shekarar da tauraronsa ya fito fili ita ce 1952, a Kano, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. An yi babban bikin da ake kira bikin 'yan sarki, inda 'ya'yan sarauta kimanin 12 suka yi aure a lokaci guda.

Taro ne da ya haɗa hakimai da attajirai da ma'aikatan En'e da makaɗa daga wurare da yawa. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga nan sunansa ya shiga bakin manyan Kano.

A lokacin yana dab da shekara 30. Wato ya shafe shekaru masu yawa yana waƙa a dandali da kasuwannin ƙauye kafin wannan rana. Waɗanda suka gan shi a Kano sun ga sabon mawaƙi ne, alhali kuwa ƙwararre ne da ya daɗe yana shan rana.

Kano a lokacin ita ce cibiyar cinikin gyaɗa, ga jirgin ƙasa, ga filin jirgin sama, ga baƙi daga ko'ina. Wanda Kano ta karɓa, labarinsa zai kai inda bai taɓa zuwa ba.

Funtuwa, rediyo da faifai

Wajen 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, Shata ya koma Funtuwa da zama. Gari ne mai tashar jirgin ƙasa da masana'antar gurzar auduga, kuma mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina. Nan ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa, duk da yana yawan zama a Kano.

Zamani ma ya taimake shi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Ƙananan rediyoyi masu batir suka fara shiga ƙauyuka. Kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa a faifan garmaho, daga baya kaset ya zo ya kai su kowace tasha da kowane shago.

Muryar da a da sai an taka an je dandalin Musawa ake jin ta, yanzu tana shiga Gwandu da Kalgo da Argungu da Damagaram a lokaci guda.

Ya kuma fita da kansa. Ya yi wasa a Nijar da Gana, ya je Ingila da Amurka, ya sauke farali a Makka.

Mawaƙin kowa da kowa

Yaron da ba shi da gurbi a fada ya zo ya yi wa manyan masu mulki waƙa. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, kuma ya zama babban ubangidansa da amininsa.

Amma bai tsaya nan ba. Ya yi wa dogarai da direbobi da masu sayar da abinci da 'yan kasuwa da sojoji. Ya yi waƙoƙin noma da na wa'azi da na faɗakarwa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yulin 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, ya kawo wa manomin ƙauye labarin da ake yi a manyan biranen duniya, da harshen da zai gane.

A cikin wannan rukuni ne waƙar Umaru Ɗanɗanduna ta faɗo. Ba ƙaramin abu ba ne mawaƙin Katsina ya samu karɓuwa a yammacin ƙasar Hausa. Gwandu gari ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tsohon tarihin ilimi da rubutacciyar waƙa. Yankin Sakkwato da Kabi da Zamfara kuma shi ne ya fitar da gwanayen makaɗan fada, masu sauraron can sun san waƙa, ba a burge su da hayaniya. Duk da haka mai kalangun Musawa ya samu wurin zama a kunnuwansu.

Masu nazari sun ƙiyasta waƙoƙinsa da dubbai. Da yawa an yi su ne a wuraren biki tun kafin na'urar ɗaukar murya ta yawaita, sun tafi tare da waɗanda suka ji su.

Suka da zambo

Rayuwar Shata ba ta rasa ce-ce-ku-ce ba. Mutum ne mai kaifin harshe. Kamar yadda yabonsa yake ɗaga mutum, haka zambonsa yake kayar da shi, kuma waƙar Gagarabadau ta zama abin misali a wannan fanni. Akwai masu ba shi kyauta don ƙauna, akwai masu ba shi don tsoron bakinsa.

Waƙarsa a kan shan giya ta jawo masa suka daga malamai da sauran jama'a, kuma har yau ana muhawara a kanta. A gefe guda kuma yana da waƙoƙin yabon Annabi (SAW) da na tuna lahira waɗanda ake sawa a gidajen rediyo.

Abin da masoyansa da masu sukarsa suka haɗu a kai shi ne, ba ya ɓoye abin da ke ransa, kuma ba ya jin tsoron mai mulki. Wanda ya iya jure fushin mahaifinsa yana yaro, fushin wani bai cika razana shi ba.

Daga roƙo zuwa jami'a

Sana'ar da aka raina ta zo ta zama abin nazari. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, kuma a kan Shata ya yi binciken.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya sa rigar da malaman jami'a suke sawa. Gwamnatin Tarayya ma ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, MON.

Bayan rasuwarsa an rubuta tarihinsa a manyan littattafai. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, kuma mafi yawan abin da ake faɗa yau game da ƙuruciyarsa daga irin wannan bincike ya fito.

Ya kuma taɓa siyasa. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kuma Musawa tana ƙarƙashinta. Garin da aka taɓa ganin ya kunyata shi ne ya zo yana wakilta. A Jamhuriya ta Uku ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma zaman bai yi ƙarko ba, domin halinsa na faɗar gaskiyarsa bai dace da biyayyar da siyasar jam'iyya take buƙata ba.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya. An yi jinyarsa a Kano, an kai shi Jidda a ƙasar Saudiyya, aka dawo da shi.

Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, makonni uku bayan Najeriya ta koma mulkin farar hula. An kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can.

Yaron da fada ba ta da gurbinsa, sarki ne ya karɓi gawarsa.

Abin da ya bari

Yau matasa a Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi suna shiga situdiyo su yi waƙa da kwamfuta, su ɗora a YouTube ko TikTok, cikin kwana ɗaya dubban mutane su ji. Da yawansu 'yan haye ne, ba su gaji kiɗa ba. Wasunsu har yanzu suna ɓoye wa iyayensu abin da suke yi, domin kallon da ake yi wa sana'ar bai gushe gaba ɗaya ba.

Tarihin Shata bai nuna cewa saɓa wa iyaye shi ne hanyar ɗaukaka ba. Abin da ya nuna shi ne tsawon lokacin da aiki yake ɗauka. Tsakanin dandalin Musawa da bikin Kano akwai shekaru na talla da tafiyar ƙafa da raini da rashin 'ya. Tsakanin bikin Kano da digirin Zariya kuma akwai shekara 36.

Ya kuma nuna cewa abin da aka hana mutum yakan zama ƙofarsa. Da Shata ya gaji kotso ko taushi, mai yiwuwa da ya ƙare a fada guda yana yabon sarki guda. Da yake bai gaji komai ba, sai ya ɗauki gangar mahauta da 'yan mata, ya yi wa sarki da direba waƙa da murya ɗaya, har ya sa sunan wani mutumin Gwandu a bakin miliyoyin Hausawa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa kurakuransa.